Jar Kanwa a Cikin Maganin Sinawa

Malam Habu, maigidana, ya tashi. Yana tafiya da ƙafarsa, yana zuwa masallaci ranar Juma'a, yana faɗa da talabijin in ana ƙwallo. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya tayar da hankalinsa a banza. Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne, duk wanda ya zo yi masa barka da arziki sai ya ce masa, "Maganin Shinuwa ne bai karɓe ni ba." Shinuwa dai shi ne Basine a bakinmu na nan. Mutane su gyaɗa kai, su tafi da wannan a bakinsu. Ba haka aka yi ba, kuma ni ce zan iya faɗin yadda aka yi, tunda ni na riƙe tukunyar.

Sunana Balkisa. Mutanen Maraɗi ne mu, shekararmu goma sha tara a Saint-Fons, gefen Lyon a ƙasar Faransa, inda hayaƙin masana'antu ke gaya maka ka iso gida tun kafin ka sauka daga mota. Malam yana aiki a ɗaya daga cikin masana'antun nan na sinadarai. Ni kuma ina ɗakin girkin wata makarantar firamare, inda ko gishiri sai an ɗora shi a kan sikeli kafin ya shiga miya. A lura da wannan. Matar da take yini tana auna gishiri a wurin aiki ita ce ta dawo gida ta ce hannunta ya ishe ta ma'auni.

Ciwon ya fara ne da shigowar sanyi. Gwiwoyi, sai ƙugu, sai tafin ƙafa da ba ya ɗumi ko an sa safa biyu. Ya kai ga Malam sai ya dafa bango yake tashi daga sujada. Mun nemi ganin likitanmu na unguwa, aka ba mu rana bayan mako uku. Da ranar ta zo, minti goma muka yi a ciki. Ya lanƙwasa gwiwar, ya miƙe ta, ya ce guringuntsi ne ya fara cinyewa, shekaru ne da tsayuwar aiki. Ya rubuta ƙwayar kashe zafi da takardar zuwa wajen masu motsa gaɓoɓi, su ma sai bayan wata guda. Ban ce bai san aikinsa ba. Amma Malam ya ce masa sanyi ne ya shige shi, shi kuwa ya ce ya riƙa sa riga mai kauri, kuma daga nan Malam ya cire shi daga ransa.

Akwai abu ɗaya da ya kamata in faɗa tun yanzu. Malam yana da hawan jini. Shekara shida yana haɗiye ƙwaya guda fara kowace safiya. A wurinsa wannan ba cuta ba ce, kamar furfura ce, kowa ya manyanta yana da ita.

Shawarwari suka fara sauka ta waya. Wannan ya ce zuma da habbatus sauda, wancan ya ce man damo, wani ƙanensa daga gida ya ce basir ne ya hau ƙugu. Sai yayarsa, Hajiya Rakiya, da ke zaune a Bobigny, gefen Paris, ta kira ni. Ita Hajiya ba ta ba da shawara, umarni take bayarwa.

"Balki, ku taho Pari ranar Asabar. Akwai wani tsoho Shinuwa, shi ya tada maƙwabciyata da ta yi wata ukku ba ta sauka daga bene. Ba shi da allura ta likita, ba shi da radiyo mai hoton ƙashi, hannu kurum shika taɓawa."

"Yaya, ai muna da randebu da masu motsa gaɓoɓi wata mai zuwa."

"Ki zamna jiran randebu har ƙanena shi koma ja da gindi."

Muka hau jirgin ƙasa. Kuɗin tikiti ya fi kuɗin maganin da muka je saya.

Shagon yana unguwar Sinawa ta kudancin Paris, tsakanin mai sayar da agwagi gasassu da mai gyaran waya. Bango guda duk ƙananan aljihunan katako ne, ƙamshin wurin kuwa sai ya tuna mini rumfar 'yar mai ganye a kasuwar gida. Tsohon ba ya jin Faransanci sosai, 'yarsa ce, mace mai kamar shekara arba'in, take yi mana tafinta. Ya ɗora yatsu uku a wuyan hannun Malam na dama, ya daɗe, ya koma na hagu. Ya sa shi ya fito da harshe. Sannan ya shiga tambayoyin da babu likitan da ya taɓa yi masa. Ruwan sanyi yake sha'awa ko na zafi? Gwiwar ta fi ciwo ranar da ake ruwan sama? Yana gumi? Sau nawa yake tashi fitsari?

Daga nan 'yar ta yi mana bayani. Ta ce a iliminsu jikin mutum a kan abu biyu yake tsaye, sanyi da zafi, lafiya ita ce kada ɗaya ya danne ɗaya. Akwai kuma wani ƙarfi da ke zagaya jiki ta hanyoyinsa, kamar yadda ruwa ke bin kwari a lambu. In sanyi da danshi suka zauna a wuri suka toshe hanyar, nan ne ake jin ciwo. Ta ce wutar da ke ɗumama ƙugu da ƙafafun Malam ce ta yi ƙasa.

Hajiya Rakiya ta zungure ni da gwiwar hannu. "Kin jiya? Sanyi. Abin da Inna ka hwaɗi tun muna yara. Mun zo har Pari, Shinuwa ne ya san Hausa."

Gaskiya ni ma raina ya yi fari. Ba ƙaramin abu ba ne baƙo ya kira maka cutarka da sunan da ka san ta.

Tsohon bai saki hannun ba. Ya sake danna yatsunsa, ya yi magana, 'yar ta juyo. Ta ce mahaifinta yana tambaya, jinin Malam yana hawa? Yana shan wata ƙwaya?

Malam ya ce, "A'a. Lafiyata lau, in ban da sanyin."

Tsohon ya sake tambaya, a karo na biyu, yana kallon fuskarsa. Malam ya sake cewa a'a. Ni ina zaune a gefe da ƙwayar a cikin jakata, ina ƙirga aljihunan bango. Daga baya Malam ya ce mini tsoro ya ji kada mutumin ya hana shi magani bayan mun yi wannan doguwar tafiya. Ni kuwa mace ba ta ƙaryata mijinta a gaban yayarsa da baƙi, haka aka tarbiyyantar da ni.

Ya haɗa ƙunshi bakwai a takarda, yana auna kowane sassaƙe da saiwa a kan ɗan sikelin tagulla. 'Yar ta ce haɗin nasu tsari gare shi, akwai babba wanda ke tunkarar cutar, akwai masu mara masa baya, akwai mai rage kaifin sauran. Ta nuna mini wata saiwa rawaya da aka yanka siri-siri, yanka uku kacal a kowane ƙunshi, ta ce wannan ita ce mai sulhu, ita ke sa sauran su zauna lafiya a tukunya ɗaya. Ta rubuta mana komai da Faransanci. Ƙunshi ɗaya a rana. Kofi uku na ruwa a dafa har su koma ɗaya, rabi da safe rabi da yamma. Kada a ƙara komai. Kwana bakwai a tsaya, a dawo ko a kira. A ƙasa ta ja layi ta rubuta a nuna wa likitanmu takardar.

Ranar farko na bi takarda. Ruwan ya fito baƙi, Malam ya kurɓa ya ɓata fuska kamar an ba shi maɗaci. Ni kuma na tsaya ina kallon tulin sassaƙen da aka ce in zubar bayan dahuwa ɗaya. A gidanmu ba a yi wa magani haka. Ana dafa shi, a sha, a ƙara ruwa, a sake dafawa, har sai ruwan ya fito fari. Kuma ba a sha da awo kamar turare, da shi ake kashe ƙishirwa. Na ce a raina Sinawa ƙananan jiki gare su, Malam kuwa ƙato ne. Na ɗauko babbar tukunyar da nake dafa wake, na juye sauran ƙunshi shida gaba ɗaya.

Da yamma na kira mahaifiyata a Maraɗi ina ba ta labari. Ta ce, "Kin sa kanwa?" Na ce an ce kada a ƙara komai. Ta yi dariya. "Maganin sanyi ba jar kanwa? To ruwa kika dahwa mishi, ɗiyata." Jar kanwa kuwa ba ta yanke mini a gida, duk wanda ya je kasuwar 'yan Afirka ta Château Rouge a Paris sai na yi masa saƙonta. Na fasa dunƙule na jefa.

Saura ɗacin. Na tsamo kowane itace ina ɗanɗanawa har na gano mai zaƙin, wato rawayar saiwar nan, mai sulhu. Na ɗauki hotonta na tura wa Hajiya Rakiya. Kwana huɗu sai ga leda rabin kilo ta iso ta gidan waya, ta samo ta a kantin abincin Sinawa, ba ta ma koma wurin tsohon ba. Daga ranar nake damƙo cikin hannu in zuba. Da sauran itatuwan suka salance na zubar da su, tukunyar ta koma saiwar zaƙi, jar kanwa, citta da kanumfari. Har lokacin muna ce mata maganin Shinuwa. Malam yana tafiya aiki da tarmus guda, butar nan mai riƙe zafi, yana dawowa ya tarar da wani.

Mako na farko da na biyu ya ce ya ji sauƙi. Wataƙila ya ji ɗin. Kwana bakwai suka wuce, babu wanda ya kira tsoho, babu wanda ya nuna wa likita takarda.

Mako na uku ciwon kai ya zo, a ƙeya, da safe. Takalmin aikinsa ya fara matse shi. In na danna ƙwaurinsa sai yatsana ya bar rami. Na gaya wa Hajiya, ta ce, "Alhamdu lillahi, sanyin ne ka hitowa. Kada ki sake ki tsaida." Mahaifiyata ma haka ta ce. Ni ma haka na so in ji.

Mako na huɗu jijiyoyin ƙafarsa suka fara ɗaurewa, hannunsa ya kasa buɗe kwalba. Mutumin da yake ɗaukar buhun shinkafa ya hau da shi bene na uku, sai ga shi yana hutawa a kowane bene da ledar burodi. Na ƙara saiwar, don a ganina ƙarfi yake bukata.

Ranar Talata ta mako na biyar ina wanke tukwane a makaranta aka kira ni daga wurin aikinsu. Ƙafafunsa sun saki a kan matakala, ya zube. Nas ɗin wurin ta auna jininsa ta kira motar asibiti nan take.

Shi an shiga da shi da wuri, wannan na yaba musu. Ni ce na yi awa biyar a kan kujerar roba babu wanda ya ce mini ci kanki, ina kallon mai karyewar hannu da mai maye da wata tsohuwa da ke kiran sunan karenta. Daga ƙarshe wata likita ta fito, 'yar siririya mai gajeren gashi. Ta ce jininsa ya hau sosai, amma abin da ya fi damunta wani gishiri ne na cikin jini da ake kira potasiyom, ya yi ƙasa ƙwarai. Ta ce da shi zuciya take riƙe bugunta, in ya ƙare za ta iya rikicewa ta tsaya. Sannan ta tambaye ni, yana shan wani abu ban da ƙwayarsa? Ganye, saiwa, shayin gargajiya?

Na ce a'a.

Ina so a gane wannan a'a ɗin, don na san ba ni kaɗai ke yin ta ba. A wurinmu ba a ambaton mai ganye a gaban likita, kamar yadda ba a ambaton likita a gaban mai ganye. Kowa da ɗakinsa. Kuma shekara goma sha tara ina kaffa-kaffa kada a kalle ni a ce ga baƙauyiya ta zo da itatuwanta. Sannan har ga Allah ban ɗauki abin da nake dafawa a bakin wani abu ba, tunda a ganina abin da ya fito daga ƙasa ba ya kisa.

Aka kwantar da shi, aka sa masa ƙarin ruwa mai gishirin nan. Abincin asibitin lami ne, Malam ya ture shi. Washegari na zo da tuwo a kwano da tarmus a ƙasan jaka. In nas ta shigo, shayi ne. Kwana huɗu ina yin haka, kullum da rana bayan na tashi aiki, ina zuba masa a murfi ina ce masa ya sha ya samu ƙarfi. Shi kuwa abin da na miƙa masa bai taɓa leƙawa ba tun ranar da aka kawo ni gidansa.

Kullum da safe a ɗebi jini, kullum sakamako bai motsa ba. Likitar ta fara maganar hoto, ko wani ƙari ne a saman ƙoda. Na ji ta tana gaya wa abokin aikinta cewa ruwa take zubawa a guga mai huda. Maganar ta zauna mini, amma ban haɗa ta da jakata ba, ko kuma ban so in haɗa ba.

Rana ta biyar, wajen la'asar, ya sha murfi biyu, muna hirar kuɗin wuta, sai ya ce, "Balki, ƙirjina." Na'urar da ke kansa ta fara kuka. Kafin in miƙe mutum shida sun cika ɗakin, wata ta kama kafaɗata ta fitar da ni. Ta gilashin ƙofa na ga tafin ƙafarsa kawai. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, har bakina ya kasa kama addu'ar da na haddace tun ina yarinya.

Sun dawo da bugun. Aka mayar da shi sashen da ba a shiga da komai sai rigar leda. Likitar ta kai ni wani ɗan ɗaki ta rufe ƙofa, ta zauna ta fuskance ni.

Ta ce, "Madam, ni ba alƙali ba ce. Yau mun samo shi. Ban yi miki alkawarin gobe ba. Wani abu yana shiga jikinsa wanda ban sani ba, ke kuma ina jin kin sani."

Jakar tana kan cinyata, tarmus ɗin da sauran ɗuminsa. Na fito da shi na ajiye a kan tebur. Ta buɗe, ta shinshina, ta rufe ido na ɗan lokaci. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce in je gida in kwaso komai, har abin da nake ganin ba komai ba ne.

Na kawo ledar saiwar da ta kusa ƙarewa, da takardar tsoho, da jar kanwa. Saiwar ta gane ta nan take, ta ce su ma suna da ita, har alewa ake yi da ita, kaɗan ba laifi, amma mai yawa kullum tana sa jiki ya riƙe ruwa da gishiri ya zubar da potasiyom, kuma mai hawan jini ko kusa da ita bai kamata ya je ba. Kanwar ce ba ta sani ba. Ta juya ta, ta aika a gwada, aka dawo aka ce dangin gishirin miya ne, wanda aka hana Malam saboda hawan jini. Ta karanta takardar har ƙasa, ta ɗora yatsa a kan layin da aka ja, ta dube ni. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Bayan an raba shi da tarmus sai da aka yi fiye da mako biyu kafin jinin ya daidaita. Kwana ashirin da uku ya yi a asibiti. Ya fito da ƙwayoyi uku maimakon ɗaya, likitan wurin aiki kuma ya sauke shi daga cikin injina ya mayar da shi ɗakin ajiya. Gwiwar da ta jawo duk wannan tana nan tana ciwonta.

Hajiya Rakiya ta rantse sai ta je ta ci mutuncin Shinuwan da ya so kashe mata ƙane. Na ce ta jira ni. Muka shiga shagon tare, tun daga ƙofa ta fara, na ce, "Yaya, don Allah ki bari in yi magana." Na faɗi komai, har da ƙwayar da ke cikin jakata ranar. 'Yar tana fassarawa, tsohon yana saurare. Ya buɗe aljihu ya ɗauko yanka uku na saiwar ya ajiye a tafin hannunsa, ya ce in nuna masa nawa nake zubawa. Na damƙo cike da hannu na ajiye a kan teburin. Ya daɗe yana kallon tulin.

'Yar ta ce, "Ya ce ya ji jinin a ƙarƙashin yatsunsa, shi ya sa ya tambaya sau biyu. Ya ce laifinsa shi ne da ya yarda da baki ya bar abin da yatsunsa suka gaya masa." Sannan ya tambayi yadda Malam yake barci, da ko ƙafarsa ta saɓe. Bai sayar mana da komai ba, ya ce sai da takardar likita. Ni da Hajiya muka shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Can ta ce, "Ni na aiko miki da ledar." Na ce, "Ni na roƙa."

Don haka ga abin da nake gaya wa 'yan'uwana mata, na nan da na gida. Ban ce ku guji maganin Sinawa ba, ban ce ku guji namu ba. Na ce in an ba ku awo ku bi awo. In mai ganye ya tambayi ƙwaya ku fito da ita, in likita ya tambayi ganye ku buɗe jaka. Kunyar minti ɗaya ce.

Na taɓa tambayar Malam me ya sa yake ɗora wa tsohon laifi a gaban mutane. Ya ce, "Shi yana Pari, ba ya ji. Ke kina nan."

Har yau da safe ni nake haɗa masa abin sha. In na miƙa masa kofi, kai tsaye yake kai shi baki, ba ya leƙawa, ba ya shinshinawa, kamar babu abin da ya taɓa faruwa. Wannan ya fi komai yi mini nauyi. Shi ya sa yanzu ba na sakin kofin sai na faɗa.

"Ruwa ne da citta, Malam. Ba komai ciki."

"Na tambaye ki?"

"A'a. Ni ce nake faɗa."